Tsofaffin gine-ginen katako na Chaina: sako-sakon gaɓa ne sirrinsu, ko shi ne ciwonsu?

Wai shin da gaske ne tsofaffin gine-ginen katako na ƙasar Chaina suna tsira daga girgizar ƙasa ne saboda gaɓoɓinsu sako-sako suke? Tambayar kenan da ta ƙi mutuwa tun da bidiyoyin nan suka cika Facebook da TikTok, za ka ga kafinta ya sassaƙa katako biyu ya zura ɗaya cikin ɗaya ya ɗan taɓa da guduma sun kama juna ƙam, babu ƙusa babu gam, sai a yanko hoton wata hasumiya a ce ta kusa shekara dubu, sai mai bayani ya ce wai sirrin shine ba a ɗaure komai ba, in ƙasa ta motsa ginin rawa kawai yake yi ya koma ya zauna abinsa. Tun 2024 da wasan kwamfutar nan Black Myth: Wukong ya fito ya nuna tsofaffin wuraren ibada na lardin Shanxi abin ya ƙara yawa, har namu mutanen suna ta sharhi wai mu me ya hana mu yin irinsa.

Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma in injiniyan da ke kula da waɗannan gine-ginen ya ji sai ya riƙe baki. Gaɓar da aka ƙera ta kama tsam amma tana iya ba da kai in an matsa mata, wannan daban. Gaɓar da tsufa ya cinye har ta koma lako-lako, ita ma daban. Ta farkon ita ce gwanintar, ta biyun kuwa ita ce matsalar da Sinawa suke zuba kuɗi da shekaru suna neman maganinta, masu bidiyo ne kawai suka zuba su a kwando ɗaya.

Yanda ake tayar da ginin tun asali

Abu na farko, bango ba shi ke ɗauke da rufi ba. Ƙashin ginin katako ne zalla, ginshiƙai a tsaye, bim a kwance a kansu, sai rafta, sai rufi mai shegen nauyi na tayil ɗin yumbu da aka kwantar a kan laka. Bango cike gurbi ne kawai, na tare sanyi da ɓarawo. Shi ya sa suke da wani karin magana cewa bango ya faɗi amma gida bai rushe ba.

Ginshiƙin ma ba binne shi ake yi ba. Dutse ake sassaƙawa a ajiye a kan dandamali a ɗora gindin ginshiƙin a kai, wani lokaci da ɗan guntun harshe da yake shiga cikin dutsen, sau da yawa kuma babu komai, nauyin sama ne kawai ya danne shi. Babban dalilin danshi ne, kar gindin ya sha ruwan ƙasa ya ruɓe.

Inda bim ya haɗu da ginshiƙi kuwa harshe da rami ne, su suna kiransa sunmao, a feƙe ƙarshen bim a huda ginshiƙi a zura. Ba sabon abu bane a wajensu, a Hemudu da ke lardin Zhejiang an tono katakai masu irin wannan haɗin da suka kai kusan shekara 7,000. Kuma kala-kala ne. Akwai mai kama da wutsiyar tsuntsu, bakinsa da faɗi gindinsa siriri, daga sama ake saukar da shi cikin ramin, in an ja shi baya sai ya ƙara cizawa. Akwai dogo wanda yake ratsa ginshiƙin ya ɓullo ta baya. Akwai kuma gajere wanda yake tsayawa a rabin hanya, wannan shi ne mafi rauni wajen zarewa, ku riƙe shi a rai.

A manyan gine-gine irin na fada da wuraren ibada, tsakanin kan ginshiƙi da rufi akwai wasu guntayen katako da ake jerawa hawa-hawa suna kama juna gicciye, kowane hawa ya fi na ƙasansa miƙewa waje. Su ne dougong, su ne kuma suke ba rufin damar yin dogon baki da zai kare ginshiƙai daga ruwan sama. A kudu kuma, irin su lardunan Sichuan da Guizhou, gidajen talakawa ba ruwansu da wannan ƙawa, ginshiƙai ne sirara da yawa a jere an soke su da falankai kamar tsire, wannan tsarin sunansa chuandou.

Duk wannan fa a rubuce yake da awo. A 1103 zamanin daular Song gwamnati ta fitar da kundin ƙa'idar gini mai suna Yingzao Fashi wanda wani jami'i Li Jie ya tattara, ya kasa girman katako aji 8, kowane guntu na ginin ana auna shi daga ajin da aka zaɓa, har ya faɗi yanda ginshiƙan gaba za su ɗan karkata ciki da kusan kashi 1 cikin 100 na tsayinsu domin nauyin rufi ya dinga matse gaɓoɓin waje ɗaya. To mutumin da ya zauna ya ƙididdige karkatar kashi 1 cikin 100 don gaɓa ta matse, ta ina za a ce sako-sako yake nema?

Me ke faruwa a cikin gaɓa in ƙasa ta motsa

Girgizar ƙasa gefe da gefe take jan gini, ƙasa ta tafi hagu, rufi mai nauyi ya ce shi bai tashi tafiya ba, sai ginshiƙai su karkata. Da zarar ginshiƙi ya karkata to harshen bim da ke cikinsa dole ya juya a cikin ramin, kusurwarsa ta sama ta danni rufin ramin ta gefe ɗaya, ta ƙasa ta danni ƙasan ramin ta ɗaya gefen.

A nan ne halin itace yake shigowa. Itace yana da jijiya, in ka danna shi ta tsawon jijiyar yana da ƙarfi sosai, in kuma ka danna shi ta gefe ya fi taushi nesa ba kusa ba, amma abin sha'awar ba ya karyewa farat ɗaya, lotsawa yake yi a hankali yana ci gaba da riƙe kaya. Harshen bim ta gefe ake danna shi. Kenan duk juyawar da ya yi yana ɗan lotsewa, lotsewar nan tana cin ƙarfi, sannan fuskokin katakon suna gugar juna suna ƙara, gugar ma tana cin ƙarfi. Ƙarfin girgizar da ya kamata ya taru ya karya wani abu sai ya dinga tsiyayewa ta ɗaruruwan gaɓoɓi kaɗan-kaɗan. Haka dougong ma, guntayen suna zamewa a kan juna suna lotsewa a ƙarƙashin nauyin rufi. Injiniyoyi suna ajiye irin wannan gaɓa a tsakiya, ita ba kafaffiya ba irin ta ƙarfen da aka yi wa walda, ita kuma ba sakakkiya ba mai juyawa a banza.

Ginshiƙin da ba a binne ba shi ma yana da nasa aikin. In an tura shi sai gefe ɗaya na gindinsa ya ɗaga, nauyin rufi ya koma kan ɗaya gefen, wannan nauyin kuma shi yake dawo da shi daidai. In girgizar ta yi tsanani gindin yana iya ɗan zamewa a kan dutsen, wanda yake rage ƙarfin da zai hau sama. Amma dawowar tana da iyaka, a manyan gine-ginen daular Qing, daular sarakuna ta ƙarshe a Chaina, tsayin ginshiƙi yana kai wajen ninki 10 na kaurinsa, kuma da kan ginshiƙin ya kauce ya doshi faɗin gindinsa, nauyin da yake dawo da shi shi ne zai koma yana tura shi ƙasa.

Duba da kyau, lotsewa da guga duk ba sa faruwa sai katako yana taɓa katako. Nan gizo ke saƙa.

Daga ina sako-sakon yake zuwa

Mafi yawa daga bushewa. Itace in yana bushewa motsewa yake yi, amma ba daidai ta kowane ɓangare ba, ta kauri yana raguwa da 'yan kashi cikin ɗari, ta tsawo kuwa kusan babu abin da yake raguwa. Yanzu ka kalli gaɓar. Tsayin ramin da ke jikin ginshiƙi yana bin tsawon jijiyar ginshiƙin ne, don haka yana nan yanda aka huda shi. Tsayin harshen kuwa kaurin bim ne, shi kam zai motse. Rami bai ragu ba, harshe ya ragu, sai ga kafa ta buɗe a saman harshen ko da kuwa kafintan ya fi kowa iya aiki. Manyan gungume kuma ba sa bushewa har ciki kafin a yi aiki da su, a jikin ginin suke ƙarasa bushewa cikin shekaru.

Ƙara da cewa duk shekara katako yana shan laima ya kumbura, ya matsu a cikin ramin ya ɗan lotse, in rani ya zo ya sake motsewa amma lotsewar ba ta dawowa. Nauyin ɗaruruwan shekaru ma yana danne itace a hankali. Ga ruɓewa inda rufi yake yoyo, ga gara a kudu mai danshi, ga ƙasa da take nutsewa a ƙarƙashin wani ginshiƙin ta bar wani, sai bim ya ja harshe waje. Sannan ita kanta girgizar ƙasa, duk wadda ginin ya tsallake ta bar masa tabo, lotsewar da ta cece shi jiya ita ce kafar da ya kwana da ita yau.

Duk manomi ya san wannan a jikin fartanyarsa. Ruwan fartanya in ya zauna daram a ƙota kana sara yana ci, in hunturu ya busar da ƙotar ya fara kwal-kwal to kowane sara ƙara faɗaɗa ramin yake yi, ba ya taɓa gyaruwa da kansa, wata rana kana ɗagawa ruwan zai yi nasa wuri.

Abin da gwaji ya nuna

Sinawa ba su bar abin a baki ba. A jami'ar koyon gine-gine da fasaha ta birnin Xi'an da wasu jami'o'in an daɗe ana ƙera irin waɗannan gaɓoɓi a ɗakin gwaji, wasu a yi su cif, wasu a rage harshen da gangan don a kwaikwayi tsufa, sai a sa na'ura ta dinga tura bim ɗin sama da ƙasa ana auna ƙarfin da yake mayarwa. Sakamakon kusan bakinsu ɗaya. Gaɓa mai kafa da farko juyawa take yi a banza ba ta riƙe komai, sai harshen ya ci kafar ya taɓo bangon rami sannan ta fara aiki. Taurinta ya ragu, ƙarfin da take iya jurewa ya ragu, ƙarfin girgizar da take sha a kowane zuwa da dawowa shi ma ya ragu, kuma iya girman kafar iya girman asarar. Abin da sako-sako bai cika ɓatawa ba shine iya lanƙwasawa, tana iya juyawa da nisa ba ta karye ba, amma juyawar da ba ta cin ƙarfi ai ba ta da wani amfani ga ginin.

Ga ɗan lissafi don a ga girman abin. A ce harshe ya shiga santimita 25 cikin ginshiƙi, kafar da ke samansa milimita 5 ce kacal, wadda da ƙyar za ka lura da ita daga ƙasa. Milimita 5 a kan santimita 25 kashi 2 cikin 100 kenan. In tsayin ginshiƙin mita 4 ne, kansa zai yi tafiyar wajen santimita 8 kafin gaɓar ta san ana yi. Santimita 8 daga cikin ɗan filin da ginshiƙin yake da shi kafin nauyin rufi ya juya masa baya, an ba da shi kyauta.

Sai babbar matsalar, zarewa. Duk zuwa da dawowa harshen yana ɗan fitowa, kuma ba ya komawa duka. Mai wutsiyar tsuntsu gajere ne dama, da gefensa ya lotse cizon ya tafi. Gajeren nan na rabin hanya shi babu ma abin da ya riƙe shi sai guga. Dogon da ya ratsa ginshiƙi ya fi jurewa, shi matsalarsa yakan karye ne a inda aka rage masa kauri. In harshe ya fita bim ya sauka, rufi ya biyo baya. Shi ya sa ƙa'idar gyaran tsofaffin gine-ginen katako ta ƙasar, GB 50165, wadda ta fito a 1992 aka sabunta ta a 2020, ta sa zarewar harshe cikin abubuwan da mai duba gini zai auna, a manyan gine-gine masu bim kan bim in ya fito fiye da kashi 2 cikin 5 na tsawonsa an ɗauke shi a matsayin lahani.

Masu cewa sako-sako yana da amfani ba wai ba su da hujja bane kwata-kwata. Gini mai laushi a hankali yake lilo, girgizar ƙasa kuma yawanci sauri-sauri take bugawa musamman a ƙasa mai tauri, to in lilon gini bai zo daidai da bugun ƙasa ba ƙarfin da yake shiga cikinsa yana raguwa, sako-sako kuwa yana ƙara wa lilon jinkiri. Gaskiya ne wannan. Sai dai ginin katako dama can mai laushi ne tun yana sabo, ya riga ya ci wannan ribar, ƙarin da kafa take kawowa kaɗan ne, abin da ake biya kuma shine karkata mai nisa da zarewar harshe. Ni dai a ganina cinikin faɗuwa ne.

Maganar maki 10.1 da maganar babu ƙusa

Bidiyon da ya fi yawo daga wani shirin talabijin na Ingila ne na 2017, an ƙera samfurin wani zaure irin na tsohuwar fadar sarakuna ta Bejin, kashi 1 cikin 5 na girman gaske, aka ɗora a kan teburin da yake kwaikwayon girgiza, bangon ya zube katakon ya tsaya, aka ce ya jure har maki 10.1. Gwajin ya nuna abu na gaske, amma samfurin sabo ne fil, katako lafiyayye, gaɓoɓi yanzu aka fito da su daga hannun kafinta, babu ruɓa babu shekara 600 a kansa. Kuma maki awon ƙarfin da ya fashe a can cikin ƙasa ne, jijjigar da gini zai ji ta danganta da nisa da zurfi da irin ƙasar wurin. Mafi girma da aka taɓa aunawa a duniya 9.5 ce, a Chile a 1960.

Babu ƙusa ɗin ma da gyara. Manyan gaɓoɓi ba ƙusa ke riƙe su ba, haka ne, amma rafta da ƙusa ake kafe ta, shi kansa kundin 1103 ɗin yana da sashe a kan ƙusoshin da kowane aiki yake ci. A zamanin Qing da manyan itatuwa suka yi wuya, har ginshiƙan fada haɗa guntaye ake yi a ɗaure da zoben ƙarfe a shafe da fenti.

Waɗanda suka tsira da waɗanda ba a nuna mana

Shaidar tsira akwai ta, ba ƙarya. Benen Guanyin na wurin ibadar Dule da ke Jizhou a yankin Tianjin an gina shi a 984, ya ga babbar girgizar 1679, ya ga ta Tangshan ta 1976 wadda ta kashe sama da mutum 240,000, yana nan tsaye. A Lijiang ta lardin Yunnan girgizar watan Fabrairun 1996 ta kashe sama da mutum 300, amma ƙashin gidajen katako da yawa na tsohon garin ya tsaya, a 1997 UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya.

Amma a girgizar Wenchuan ta 2008 a lardin Sichuan wurin ibadar Erwang da ke Dujiangyan ya sha kashi sosai, gangaren da yake kai ya motsa, zaure da dama suka lalace, kuma abin da masu bincike suka yi ta gani a tsofaffin gine-ginen yankin shine harshe ya zare, gindin ginshiƙi ya sauka daga kan dutse, tayil ya zubo. Sannan daga duk daular Tang mai kusan shekara 300, gine-ginen katakon da suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, irin su wuraren ibadar Nanchan na 782 da Foguang na 857, duka biyun a duwatsun Shanxi inda iska take a bushe kuma yaƙi bai cika leƙawa ba. Sauran wuta da yaƙi da ruwa sun cinye. Ita kanta fadar Bejin an gama ta a 1420, a 1421 tsawa ta ƙone manyan zaurukanta uku. Waɗanda suka rage kuma ba haka nan aka zuba musu ido ba, Nanchan an yi masa gagarumin gyara a shekarun 1970, Dule a shekarun 1990.

Hasumiyar Yingxian

In ana son a ga maganar gaba ɗaya a jikin gini ɗaya to ga wannan hasumiyar katako da ke lardin Shanxi. An gina ta a 1056 zamanin daular Liao, tsayinta ya ɗan haura mita 67, kusurwa 8 gare ta, kalar dougong ɗin da ke jikinta ya kai 54. Daga waje hawa 5 za ka ƙirga amma a ciki 9 ne, domin tsakanin kowane hawa biyu akwai wani ɓoyayyen hawa gajere da aka cika shi da katakai a gicciye suna tokare juna, ya zama kamar ɗamara mai tauri. Wato masu ginin ba su yarda da laushi zalla ba, hawa mai laushi, hawa mai tauri, haka suka jera har sama. Hatta buɗaɗɗun hawan asalinsu suna da bangon laka da katakon tokare a ɓoye a ciki.

Ta sha girgizar ƙasa ba adadi. A 1926 lokacin yaƙin madugan soja aka yi ta harbinta da igwa, ana maganar harsashi wajen 200, ba ta faɗi ba. Abin da igwa ta kasa sai masu son gyara suka yi. A tsakiyar shekarun 1930 manyan garin suka ga wai bangon lakar ya rage wa hasumiyar kyau, aka rushe shi da tokaren da ke ciki aka sa ƙofofi da tagogi masu ado. Masanin gine-gine Liang Sicheng wanda ya auna ta a 1933 ya ga abin daga baya ya yi baƙin ciki ƙwarai, don ya san me aka cire. An bar buɗaɗɗun hawan babu abin da yake hana su karkata sai gaɓoɓin da suka riga suka tsufa.

Yau hawa na 2 shi ne ya fi karkacewa, ginshiƙan ɓangaren kudu maso yamma sun kwanta ciki har ido yana gani, katakan da ke ƙarƙashin ginshiƙai a hawan ƙasa sun lotse wasu sun tsage saboda nauyi, kuma karkatar ba ta tsaya ba, kaɗan-kaɗan take ƙaruwa, an liƙa na'urori ana bibiya. An hana baƙi hawa sama, hawan ƙasa kawai ake shiga. Tun shekarun 1990 masana suke jayayya a kan yanda za a yi da ita, wasu su ce a kwance ta gaba ɗaya a sake haɗawa, wasu su ce a ɗaga saman da ƙarfe a gyara ƙasan, wasu su ce a tokare ta a inda take. Masu tsoron kwancewa suna cewa katakon da ya shekara kusan dubu yana lotse cikin ɗan'uwansa in ka zare shi ba zai koma ba, dole a canza da yawa, ƙarshe a wayi gari da sabuwar hasumiya mai tsohon suna. Haryanzu dai tokarewa da sa ido ake yi.

To a ɗaure ko a bari?

Tsofaffin kafintoci maganinsu mai sauƙi ne, a ɗaga nauyin da jak, a ja ginshiƙi ya miƙe, a mayar da harshe, a buga weji na busasshen katako mai tauri a cike kafar, in gindin ginshiƙi ya ruɓe a yanke a dasa sabo, inda ake tsoron zarewa a kama da ƙarfe. Na zamani sun zo da faranti da zoben ƙarfe, da ƙyallen zaren kabon da ake liƙawa da gam, da wata waya mai komawa yanda take bayan an ja ta, da 'yan na'urori masu shan girgiza ta hanyar guga.

Rigimar a nan take. Injiniya yana son lamba, yana son ya ce gaɓar nan yanzu tana ɗaukar kaza. Mai kula da kayan tarihi kuma yana cewa kar ka huda, kar ka liƙa abin da ba zai ciru ba, kar ka taɓa fentin da ya girmi kakanka. Kuma akwai abin da su biyun suka yarda da shi, in ka ɗaure gaɓa ta yi tauri fiye da yanda aka ƙera ta, ginin zai ja ƙarfin girgiza fiye da da, kuma tunda gaɓar ta daina ba da kai, ƙarfin zai nemi wani wurin fita, sai ya tsaga tsohon ginshiƙin ko ya karya bim, abin da ya fi harshe wuyar mayarwa. In ka ɗaure wasu ka bar wasu kuma ginin ya dinga murɗewa. Don haka gyaran da aka fi yarda da shi shine a mayar da gaɓar kusa da yanda take ranar da aka gama ta, a hana harshe fita, a bar shi ya juya.

Ina ruwan talaka

A ƙauyukan kudu maso yammacin Chaina haryanzu mutane da yawa a gidan katako suke kwana, kuma yankin girgiza ne. Su karin maganar bango ya faɗi gida bai rushe ba ba abin alfahari bane sosai, domin bangon laka ko na bulo in ya faɗo ciki a kan mutum yake faɗowa, katako mai lilo da bango mai tauri ba sa tafiya tare, suna bugun juna, kuma iya sako-sakon gaɓa iya nisan lilon iya saurin zubewar bango. Shi ya sa shawarar da ake ba su ba ta wuce a ɗaure bango da ginshiƙi ta yanda in zai faɗi ya faɗa waje, a rage masa tsayi da nauyi a sama, a kama gajerun harsuna da ƙarfe, a toshe yoyo. Kuɗin gyara kuma manyan wurare masu suna suke fara samu, ƙananan wuraren ibada na ƙauye sai dai haƙuri, ruwan saman watan Oktoban 2021 kaɗai ya taɓa wuraren tarihi sama da 1,700 a Shanxi, akasarinsu irin waɗannan da babu mai leƙa su.

Masu tambayar me ya hana mu yin irinsa kuwa, haɗin harshe da rami ai kafintocinmu suna yi a ƙofa da kujera da gado, kuma in an yi da ɗanyen katako hunturu ɗaya ya isa ya nuna. Amma tsarin ginin gaba ɗaya an yi shi ne don wata matsala da ba ita ta fi damunmu ba. Girgiza a yankinmu kaɗan ce, an yi mai ƙarfi a Accra a 1939, an ji 'yar jijjiga a Mpape ta Abuja a 2018, mu abokan gabanmu gara ce da iskar farkon damina. Tsarin Sinawa nauyin rufi ne yake danne komai a wurinsa, rufin kwano kuwa ba shi da nauyi, iska ɗaga shi take yi sama, kenan a nan dole a ɗaure rafta da bango da waya ko ƙarfe, a kafe ginshiƙi a ƙasa, a kuma sa wa katakon maganin gara kafin a ɗora.